Yadda Ake Kamo Kiɗan Tashoshin Nesa a Rediyo Lokacin Hutun Buronya

Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu, lokacin hutun Buronya, wato Kirsimeti da sabuwar shekara, gidajen rediyon gwamnati na ƙasashe da yawa suna rage surutu su ƙara kiɗa. Mai zama a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Madina zai iya kamo da yawa daga cikinsu da ƙaramin akwatin rediyo mai batir, muddin ya san lokacin da ya dace, ya kuma kashe hayaniyar lantarkin da ke cikin ɗakinsa. Waɗannan biyun sun fi tsadar rediyo muhimmanci.

Abu uku ne suka sa wannan lokaci ya fi sauran watanni. Hunturu ya kori hadari, don haka tartsatsin tsawa da ke cika zango da ƙara a damina ya ragu sosai. Busasshiyar iskar hunturu kuma takan hau kan iska mai laima ta bakin teku, sai ta buɗe wa tashoshin FM hanya su yi tafiyar da ba su saba ba. Na ukun kyauta ce ga mutanen Ghana: agogonmu daidai yake da agogon GMT, wanda jadawalin gajeren zango ke rubutawa UTC. Idan jadawali ya ce 1900, ƙarfe bakwai na dare ne a Accra, babu ƙari babu ragi. 'Yan'uwanmu na Kano da Yamai sai sun ƙara awa guda.

Mataki na farko: akwatin rediyon

Kana buƙatar rediyo mai zango uku: FM, matsakaicin zango mai alamar MW ko AM, da gajeren zango mai alamar SW. Irin Kchibo mai allura da ake sayarwa a kasuwa yana kamo manyan tashoshi, sai dai allurarsa ba ta faɗin gaskiyar inda kake, kuma tashoshi kan hau kan juna. Mai nuna lamba a fuska ya fi, domin za ka danna lambar mitar tasha, misali kilohaz 5995, ka sauka a kan 5995. Tecsun PL-330 da XHDATA D-808 suna cikin waɗanda suka dace da aljihu kuma suke aikin. Tsohon Sony ICF-SW7600GR, in ka same shi da lafiyarsa, kada ka bari ya wuce ka.

Kafin ka biya kuɗi, duba abu huɗu. Gajeren zangonsa ya kama daga kilohaz 4,700 zuwa 18,000 aƙalla. Ya kasance yana da ramin saka eriya ta waje. Yana da maɓallin rage ƙarfin sigina, wanda aka rubuta wa DX/Local ko ATT. Sannan a matsakaicin zango a iya saita takunsa zuwa kilohaz 9. Wannan na ƙarshe yana rikita mutane da yawa: rediyon da aka kawo daga Amurka yana tsallake goma-goma, alhali tashoshin Afirka da Turai suna jere tara-tara, daga 531 zuwa 1602. In ba ka canza ba, za ka riƙa tsallake tasha kana cewa rediyon ne bai da ƙarfi.

Yi aiki da batir kawai. Adaftar da ake sakawa a bango, musamman mara nauyin nan, ita kanta ƙaramar tashar hayaniya ce.

Mataki na biyu: farautar hayaniya a gida

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don haka a ba shi lokacinsa. Kunna rediyon, kai shi matsakaicin zango inda babu tasha, misali wajen 600, ka ƙara murya. Abin da ya kamata ka ji shi ne "shuuu" mai laushi. In ka ji gurnani kamar na injin niƙa, ko "zizizi" mai tsini, to wani abu a kusa ne ke haifar da shi. Riƙe rediyon ka zaga ɗaki. Kai shi kusa da cajar waya, ƙwan LED, talabijin, dikoda, inbata, na'urar sola, fanka mai caji, har da mitar wuta. Inda ƙarar ta tashi, ka kama ɓarawon. Cire shi daga soket gaba ɗaya. Kashe shi da rimot bai isa ba, domin cikinsa na nan yana aiki.

Idan kana son tabbatarwa, sauke babban makunnin wutar ɗakinka na minti ɗaya. Ƙarar ta ɗauke, matsalar taka ce kuma kana iya gyarawa. Ba ta ɗauke ba, daga maƙwabta take ko daga wayoyin titi. A gidan haya mai ɗakuna goma sha, inda kowane ɗaki ke da caja biyu ko uku, ba za ka iya bin kowa kana roƙo ba. Mafita ita ce nisa: wannan hayaniya tana mutuwa da sauri in ka matsa. Mita biyar daga bango zuwa tsakar gida kan raba tashar da ba a ji da wadda ake jin kalmominta. Saman bene, filin makaranta da yamma, ko bakin teku sun fi haka kyau nesa ba kusa ba.

Daren da aka ɗauke wuta a unguwa baki ɗaya, kafin janareto su tashi, kunna rediyonka. Dumsor bai da daɗi, amma a wannan 'yan mintoci za ka ji ainihin abin da akwatinka zai iya.

Mataki na uku: eriyar gajeren zango

Sayi wayar tagulla mai rufin roba, siririya, mita 10 zuwa 15. Masu kayan lantarki a Zongo Lane suna da ita. Ɗaure bakinta na nesa da igiyar nailan, igiyar kuma a jikin bishiya ko sanda, yadda wayar ba za ta taɓa ganye ko ƙarfe ba. Ɗaga ta mita uku ko fiye daga ƙasa, ka nisanta ta da rufin kwano aƙalla mita ɗaya. Kada ka shimfiɗa ta a jere da wayar wutar gida. In dole su haɗu a hanya, ta gitta ta daga nesa. Wayar kamfanin wuta na ECG ta kan titi kuwa, kada eriyarka ta bi samanta ko ƙarƙashinta ko kusa da ita ko kaɗan. Iska na iya tsinka waya, kuma abin da zai biyo baya rai yake ci.

Wajen haɗawa da rediyo, kada ka yi gaggawar maƙala tsirarar waya a jikin sandar eriya. Fara da naɗa wayar, da robarta, zagaye biyar ko shida a kan sandar. Sau da yawa hakan ya wadatar. Ƙananan rediyo ba a yi su don doguwar waya ba. Sigina in ya yi musu yawa sai su shaƙe. Alamar shaƙewa ita ce ka ji tasha ɗaya a wurare da yawa, ko ka ji muryar wata tashar FM ta Accra tana kutsowa cikin gajeren zango. In haka ta faru, mayar da maɓalli zuwa Local, ko rage zagayen, ko gajarta wayar. Mita 30 ba ta fi mita 12 amfani ga irin wannan akwati ba.

Hunturu na da nasa haɗarin. Busasshiyar iska mai ƙura tana goga waya ta tara mata caji, irin wanda ke sa ka ji tsit in ka taɓa ƙofar mota. Wannan caji na iya ƙona taransistan farko na rediyo, daga nan akwatin ya kurumce a gajeren zango. Kariyarsa mai sauƙi ce: kafa sandar tagulla mai tsawon mita 1.2 a ƙasa, ka haɗa rezisto, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki mai rage gudun wuta, mai 100k tsakanin wayar eriya da sandar. Cajin zai riƙa zurarewa ƙasa a hankali, sigina kuma ba zai ragu yadda kunne zai lura ba. Ƙasa ta bushe a wannan wata, don haka zuba wa gindin sandar bokitin ruwa duk bayan kwana biyu. In ka gama sauraro, cire wayar daga rediyo. In ka ga walƙiya, ko da daga nesa ne, cire ta nan take.

Mataki na huɗu: wace mita, wane lokaci

Gajeren zango yana tafiya ne ta hanyar karo da wani rufi na iska mai caji a sama, tsakanin kilomita 250 zuwa 400, ya dawo ƙasa. A ƙasan wannan rufi akwai wani, wajen kilomita 60 zuwa 90, wanda rana ke kunnawa, shi kuma aikinsa shanye ƙananan mitoci. Rana na faɗuwa sai ya watse. Abin da wannan ke nufi a aikace: da rana nemi mita 19 da 16 da 13, wato wajen kilohaz 15,100 zuwa 15,800, 17,480 zuwa 17,900, da 21,450 zuwa 21,850 in rediyonka ya kai can. Daga la'asar zuwa isha, mita 25 da 31, wato 11,600 zuwa 12,100 da 9,400 zuwa 9,900. Da dare sosai, mita 41 da 49, wato 7,200 zuwa 7,450 da 5,900 zuwa 6,200. A Disamba rana na faɗuwa a Accra kafin ƙarfe shida, kuma awa ɗaya kafin magariba zuwa awa biyu bayanta shi ne lokacin da zango ya fi cika.

Fara da na kusa don ka gane kayanka na aiki. BBC tana da tashar turo shirye-shirye a tsibirin Ascension tun 1966, sama da kilomita 2,000 kudu maso yammacin Accra, kuma kusan duk hanyar teku ce. In ba ka jin shirin Hausa na BBC da kyau a gajeren zango, koma mataki na biyu. Matsalar a gida take.

Daga nan sai kiɗa. Rediyon ƙasar Mali daga Bamako tana amfani da 5995 da dare, 9635 da rana, kuma mai son kora da ngoni da balafon a nan zai tare. Rediyon Gini daga Konakiri an san ta a 9650, ko da yake takan ɗauke ta dawo. Muryar Najeriya tana 7255. Mai haƙuri kuma ya gwada 11780 daga ƙarfe takwas na dare zuwa sama: Rádio Nacional da Amazônia ce daga Brasiliya, sama da kilomita 5,500 a ƙetaren Atilantika, da Fotugisanci da kiɗan karkarar Barazil. Rediyon ƙasar Sifen mai watsa wa ƙetare tana da zangon da take nufo Afirka ta Yamma da shi da yamma, ta Romaniya kuma ba ta rowa da kiɗan gargajiyarta a ƙarshen shekara.

Akwai shirye-shirye biyu na ranar 24 ga Disamba da suka cancanci a sa musu alama a kalanda. Da ƙarfe uku na rana agogonmu ake fara waƙoƙin majami'ar King's College ta Kambirij, waɗanda BBC ta fara watsawa a 1928, kuma sashenta na duniya yana ɗauka. In babu gajeren zango da ya nufo mu a wannan sa'a, tashar BBC ta 101.3 FM a Accra na nan. Da dare kuma gidan rediyon NDR na arewacin Jamus yana gabatar da shirin gaisuwa ga ma'aikatan jiragen ruwa, wanda ya faro a 1953, yana kuma hayar mitocin gajeren zango na wannan dare kaɗai don jiragen da ke tekun Atilantika da na Indiya. Mitocin sukan canza, NDR na sanar da su a cikin Disamba. Mu da ke bakin Atilantika muna kan hanyar wannan sigina.

A kula da jadawali. Tashoshin gajeren zango suna sauya mitoci sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe na Maris da Lahadin ƙarshe na Oktoba. Jadawalin Disamba shi ne mai harafin B. Wanda ya riƙe na watan Yuli zai yi ta juya maɓalli a banza. Shafin short-wave.info da jerin EiBi suna nuna wanda ke kan kowace mita a kowace sa'a. Kwafe abin da kake so a takarda, sannan ka ajiye wayar salula nesa da rediyon.

Mataki na biyar: gyara sautin don kiɗa

Kunne na iya tsinto magana daga cikin ƙara, kiɗa kuwa sai da faɗi. In rediyonka na da zaɓin faɗin zango, sa kilohaz 6 ko 4 idan tashar ita kaɗai ce, ka sauko 3 idan maƙwabciya na kutsowa, domin tazarar kilohaz 5 ce kawai tsakanin tashoshin gajeren zango. In kutsen daga sama yake zuwa, matsa ƙasa da kilohaz ɗaya; in daga ƙasa ne, matsa sama. Sautin da ke narkewa ya koma kamar ana magana ta hanci na 'yan daƙiƙoƙi ba laifin akwati ba ne, sigina ne ya iso ta hanya biyu suka ci karo. Maɓallin Sync, ga mai shi, yana rage wannan sosai. Sa abin sauraro na kunne. Lasifikar ƙaramin rediyo tana zubar da rabin kiɗan, ga kuma daren 31 ga Disamba da majami'u da masu wasan wuta ba sa barin unguwa ta yi shiru.

Matsakaicin zango da eriyar firam

Da rana ba za ka sami komai a nan ba. Bayan isha ne tashoshin Najeriya da na arewacin Afirka ke fitowa. Eriyar wannan zango sandar ferayit ce a kwance cikin akwatin, don haka jan sandar waje ba ya ƙara komai. Juya rediyon kansa a kan tebur a hankali: sigina ya fi ƙarfi idan faɗin akwatin na fuskantar tashar, yana kuma ɓacewa idan gefensa ya nuna ta. Da wannan ɓacewar ake kashe tashar da ke damun wadda kake so. Don gwaji, nemi 1566 daga Parakou a Benin, wajen kilomita 500 daga nan. Tashar addinin Kirista ce mai zaman kanta, amma ƙarfinta ya sa ta zama ma'auni mai kyau.

Wanda ke son ƙari ya sa kafinta ya haɗa masa firam na katako mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimita 60. Naɗa waya zagaye 13, tazarar milimita 5 tsakanin zagaye da zagaye. Mita 32 za ta isa. Haɗa bakunan biyu da kwandansa mai juyawa na kimanin pikofarad 365, wanda masu gyara ke cirowa daga tsohon rediyo. Babu wayar da za ta shiga akwatinka. Tsayar da firam ɗin, ajiye rediyon a cikinsa yadda tsawon akwatin zai ratsa ta tsakiyar ramin, kama tasha mai rauni, sannan ka juya kwandansa sannu a hankali. A wani ɗan wuri ƙunci sautin zai yi tsalle. In ba ya kaiwa tashoshin sama da 1400, warware zagaye ɗaya. In na ƙasa da 600 ne ba ya kaiwa, ƙara ɗaya.

FM daga Lome zuwa Legas

A ƙa'ida FM ba ta wuce inda ido zai hango daga saman hasumiya da yawa. Amma idan busasshiyar iska mai ɗumi ta zauna kan iska mai sanyi da laima, sai a sami wani kwararo da ke lanƙwasa sigina ya bi doron teku. Lome na kimanin kilomita 170 daga Accra a miƙe, Kwatano 300, Legas 400, kuma layin yana bin gaɓa ne. Abijan ma wajen 400 ne, sai dai hanyarta ta ratsa tudu, don haka gabas ta fi yamma sauƙi. Lokacin gwaji shi ne daga asuba zuwa ƙarfe takwas na safe, da kuma bayan magariba, a ranar da iska ta kwanta. Faransanci a inda ka saba jin shiru, shi ne alamar kwararon ya buɗe. Yana iya ɗaukar awa uku, yana iya rufewa cikin minti goma.

Wahalar Accra cunkoso ce. Tashoshin gida sun cika zango, kuma a FM mai ƙarfi yana danne mai rauni ɗungurungum. Saboda haka da tsakar rana zauna ka bi zango daga 87.5 zuwa 108, ka rubuta duk gurbin da babu kowa. A waɗannan guraben za ka yi farauta. Mayar da rediyo zuwa mono, domin sitiriyo na buƙatar sigina mai ƙarfi ninki da yawa kafin ya daina huci.

Eriyarta: sanduna biyu na alminiyam ko tagulla, kowace santimita 73, a jere baki da baki da ɗan gibi na santimita biyu a tsakiya. Haɗa cibiyar kebul ɗin dish, RG-6, da sanda ɗaya, ragar jikinsa da ɗayar. Don ta fuskanci waje guda, sa sanda mai santimita 153 a bayanta da tazarar santimita 60, da wata mai 139 a gabanta da irin wannan tazara, duka a kan katako ɗaya, ba tare da waya ta haɗa su ba. Gajeriyar sandar ce ke nuna tashar. Nuna ta gabas, ka ɗan karkata arewa. Gwada sandunan a kwance, ka gwada su a tsaye, ka bar su yadda suka fi. Tudu na taimako ƙwarai: McCarthy Hill ko hanyar Aburi sun fi kwarin unguwa. Mutanen Aboabo da Asawase a Kumasi sun yi nisa da teku, kwararon ba ya yawan isa gare su. Gajere da matsakaicin zango ne rabonsu, kuma a nan ba su da wata asara.

Idan sama ta ƙi

Wani dare zango kan mutu saboda guguwar rana, kuma ba kai kaɗai za ka ji haka ba. Kafin ka kwance eriya kana zarginta, buɗe rediyon intanet na Jami'ar Twente da ke Holan, ko ɗaya daga cikin na'urorin KiwiSDR, waɗanda su ma rediyo ne da ake sarrafawa ta intanet, ka danna mitar da kake nema. In can ma shiru ne, ko tashar ba ta kan iska ko sama ce ta rufe. Kiɗan sabuwar shekara na Biyana, babban birnin Ostiriya, wanda ake farawa 10:15 na safe agogonmu ranar 1 ga Janairu, ta intanet ya fi sauƙin samu daga tashar Ö1 ta Ostiriya. Lissafin data: sauti mai kilobit 128 yana cin kimanin megabayit 58 a awa, mai 64 kuma rabin haka.

Ajiye ɗan littafi kusa da rediyon. Rubuta kwanan wata, sa'a, mita, harshen da ka ji, irin kiɗan, da ƙarfin sigina daga 1 zuwa 5. Tashoshi sukan faɗi sunansu a kan sa'a daidai, don haka kada ka juya maɓalli saura minti biyu. A daren 31 ga wata, sabuwar shekara na shiga Bukares ta Romaniya ƙarfe goma agogonmu, Legas da Madrid ƙarfe sha ɗaya, Bamako da Landan tare da mu, Brasiliya kuma ƙarfe uku na dare; jera mitocin a takarda bisa wannan tsari tun da rana, ka sa sabon batir, ka rufe akwatin da ƙyalle tsakanin sauraro da sauraro saboda ƙurar hunturu da ke shiga maɓallin murya ta sa shi ƙarƙara.